"Tiyata ba yanka": Tallar da ta ishe ni

Wani ɗan'uwana da ke shirin fitar da matarsa waje a cire mata madaciya ne ya turo mini tallar ta WhatsApp: "Tiyata ba yanka, ba tabo." Har ya fara neman rance saboda waɗannan kalmomi.

To, yanka dai akwai shi. Abin da ake yi, likita ya zura siririn bututu mai kyamara ta baki, ko ta dubura, ko ta gaban mace, ya huda bangon wurin daga ciki, sannan ya isa ga abin da zai cire. An tsaga lafiyayyen wuri ke nan, wurin da ba ya rabo da ƙwayoyin cuta, kuma dole hujin ya ɗinku ruf. In ya tsiyaya cikin ciki, mai jinya ba zai ma tuna da zancen tabo ba.

A 2007 ne Farfesa Jacques Marescaux ya cire wa wata mata madaciya ta gabanta a Strasbourg ta Faransa, aka yi ta kururuwar cewa wuƙa ta yi ritaya. Yau ga shi an doshi shekara ashirin, amma yawancin madaciya ta ƙananan huji a fatar ciki ake cire ta, majinyaci ya koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu. Tabon bai kai faɗin farce ba. Shi ne za a ci bashi a guje masa?

Masu kare dabarar za su ce ciwon bayan aiki ya fi sauƙi. A wasu ayyukan haka ne. Ni ma na sara wa Haruhiro Inoue na Japan, wanda tun 2008 yake bi ta baki ya sassauta bututun abincin waɗanda haɗiya ta gagara, kuma dabarar ta zauna daram. Amma 'yan talla ba sa faɗa maka cewa a 2018 Norway ta dakatar da dabarar bi ta dubura a cire sankarar dubura, bayan cutar ta riƙa dawowa a wurin fiye da yadda aka saba gani.

Ya kamata hukumomin lafiya su taka wa irin wannan talla birki. Ɗan'uwana kuwa, na ce kafin ya biya ko sisi ya tambayi likitan sau nawa ya yi aikin da hannunsa, kuma mutum nawa aka sake mayarwa ɗakin tiyata. Dillalin asibitin har yanzu bai ba shi amsa ba.