Leda a tumbin akuyata

Sati biyu akuyata tana ramewa, jiya dai muka yanka ta kafin ta zama mushe. Da mahauci ya farke tumbin, baƙar leda ce dunƙule, ta kai girman kan jariri.

Tun 2014 Nijar ta yi dokar hana ledar nan, amma je ka kasuwar Katako ta Yamai: tumatirin dala ashirin ma sai an ƙulla maka a leda biyu. Kullum mu ake wa wa'azi a rediyo, wai mu daina zubarwa. To, masu ƙera ta da masu shigo da ita tirela-tirela fa, wa ya taɓa cin su tara? Su kwashe riba, mu kwashe shara daga magudanar Gunti Yena, kwarin da ya ratsa Yamai, da damina.

Yau kwando na ɗauka zuwa cefane. Mai tumatir har da dariya.