Kunun zaki ba abin ba da haƙuri ba ne

Jiya na je ɗaurin aure a unguwarmu, bayan an shafa fatiha aka shigar da mu zaure cin abinci, sai ga ƙanin ango ya jawo kula yana ta ba mu haƙuri wai lemon kwalba bai isa ba shi ya sa aka haɗa da kunun zaki da zoɓo. Haƙuri fa yake bayarwa, kamar wanda ya yi abin kunya. Wallahi abin ya tsaya min a rai har yanzu, don ni da kuɗin kunu aka biya min makaranta tun daga firamare har na gama sakandare.

Innarmu, Allah ya jiƙanta, shekara sama da ashirin tana wannan sana'a. Tun la'asar za ta jiƙa gero, washegari ta wanke shi ta rege tsakuwa, a kai markaɗe da citta da kanumfari da masoro da busasshen dankali, wani lokacin ta sa tsiro, in an dawo ta raba ƙullun biyu ta dama rabi da tafasasshen ruwa, sai ya ɗan huce ta juye ɗanyen a kai ta rufe ya kwana, da asuba a tace. In ka yi gaggawa ka zuba ɗanyen ƙullun da zafi ka kashe zaƙin, in ka bari ya huce da yawa kunun ba zai tsinke ba, kuma ita ba ta da wani ma'auni, bayan hannunta kawai take karawa a jikin tukunya ta ce ya yi. Wannan ilimi ne mana. Amma yau yaron da aka raina da wannan kunun in ya yi baƙo sai ya ɓoye jug ɗin ya aika shago.

Zan kawo wani misali, na san wasu za su ce me ya kawo zancen giya, to ku saurara tukuna. Ni ba na sha, addinina ya hana, kuma ba talla nake mata ba. A Amurka a ƙarshen shekarun 1970 kamfanonin giyar da suka rage a ƙasar gaba ɗaya ba su kai 100 ba, manya sun haɗiye ƙanana. A 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba mutane damar dafa tasu a gida, daga nan ƙananan masu dafawa suka riƙa fitowa gari-gari, har adadinsu ya zo ya haura 9,000. Ba don tasu ta fi araha ba, yawanci ma ta fi tsada, sai don mutumin garin yana alfahari ya ce wannan a unguwarmu aka yi ta, na san mai yin ta. Ko a nan gida, maƙwabtanmu na Filato da kudancin Kaduna da Maguzawa da suke dafa burkutu da tsiron dawa, ranar gayya ko biki a ƙwarya suke zuba abinsu ba sa jin kunyar kowa. Mu da namu halal ne, yaro da tsoho da mai jego kowa na sha, mu ne kuma muke sunkuyar da kai.

Abin da ya fi ba ni takaici ma shi ne dawar nan da muke rainawa ita muke saya da tsada in an sa mata kwalba. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, dole kamfanonin giya da na lemon malt suka koma amfani da dawa, kuma dawar daga ina take fitowa in ba gonakin arewa ba? Manomi ya sayar da buhu a Dawanau, tirela ta kwasa, a dawo mana da ita cikin gwangwani mu jera wa baƙi muna jin mun fita kunya.

Haka zoɓo. Manoman Jigawa su noma, a busar a loda kwantena a kai Meziko, can su jiƙa su sa ƙanƙara su sayar a gidajen abinci masu daraja. Haka aya, a Balensiya ta ƙasar Sifen kunun aya abin alfaharin gari ne, suna da shaguna na musamman da ba abin da ake zuwa sha sai shi, ayar da suke nomawa har rajista suka yi mata da sunan yankinsu, kuma suna ƙarawa da wadda ake kai musu daga Nijar da maƙwabtanta. Mu kuwa mai kunun aya ta ce ɗari biyu gora sai mun yi mata tayin ɗari da hamsin, alhali lemon shago ko nawa aka rubuta haka muke miƙawa ba musu.

Ba a abin sha kaɗai ba ne. Ku je marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, ku ƙirga ramuka nawa ne ke da baba a ciki nawa ne suka bushe. Wani Bature matafiyi mai suna Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato ta bi ayari ta ƙetare sahara, Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko don ta can ta isa hannunsu. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta ciyar da dubban gidaje a Kakuri, yau sai ciyawa, Kantin Kwari kuma cike da atamfar Sin. Gwamnati na da laifinta babba, rashin wuta da fasa-ƙwauri ba ni da kai muka kawo su ba, amma ba gwamnati ce ke hana ka sayen takalmin badukun unguwarku ranar sallah ba.

Gaskiya kuma sai an faɗa, wasu masu kunun su ma suna jawo wa sana'ar raini. A tsinto gorar da aka yar a bola a ɗauraye sama-sama, a yi amfani da ruwan da ba a tafasa ba, a cika sikarin maimakon sukari ko dankali, wani zoɓon ma kala ce kawai da filebo. Na taɓa sayen irin wannan a tasha na kwana biyu ina fama da ciki. Don Allah iyayenmu mata masu wannan sana'a, ku sayi sabuwar gora ku ɗora kuɗinta a kai, wallahi akwai masu biya. Inna ta kan ce abin da ba za ta ba 'ya'yanta ba ba za ta sayar wa ɗan wani ba, shi ya sa kafin azahar tukunyarta ta ƙare.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu sunan ɗiyar ƙanwata, ni aka ɗora wa abin sha. Na riga na je wajen wata baiwar Allah a bayan layinmu, mijinta ya rasu tana riƙe da yara huɗu, na ba ta aikin gora ɗari ta kunun zaki, hamsin na zoɓo mai citta da abarba. Kuɗin da ta faɗa shi na ba ta, ban rage ko naira ba, har na sabbin gorori. Ta ce in turo yaro ranar da ƙarfe bakwai na safe da kula biyu da ƙanƙara.