Sojojinmu a hunturun Malam Fatori

Kai, labarin nan na sojojinmu da ke kwana a rami a Malam Fatori, can jihar Borno, ya taɓa ni wallahi. Sanyin bakin Tafkin Chadi a Janairu ba wasa ba ne, ga ƙura, leɓe duk ya tsage, da dare kuma ba halin hura wuta kar a hango su. Ƙanina yana can, ya ce alwalar asuba sai an daure, wasu na sallah wasu na gadi, netwok sai an dace, in ya samu kira kuwa tambayarsa ɗaya ce, ya jikin Hajiya, ya 'yarsa da aka haifa ba ya nan. Tun 2009 ake yaƙin nan da Boko Haram. Don Allah a riƙa ba su hutu su ga iyalinsu mana.