Ba jabu ya karya farashin sola ba

Haba jama'a! Mutumin nan da bidiyonsa ke yawo tun jiya, mai cewa wai sola ta yi arha ne saboda Chana na cika duniya da jabu, don Allah ku daina yaɗa shi. Abin ya ɓata min rai ƙwarai.

A 1977 wat ɗaya na sola (wat shi ne ma'aunin ƙarfin wutar da farantin ke bayarwa) ya kai dala 76. Yau farantin sola a bakin masana'anta bai kai santi 20 kan kowane wat ba. Wane jabu ne zai yi wannan aiki? Yawan ƙerawa ne ya jawo haka. Richard Swanson, wanda ya kafa kamfanin sola na SunPower, ya lura cewa duk sa'ad da jimillar farantan da aka ƙera a duniya ta ninka, farashi kan sauka da kusan kashi 20 cikin ɗari. Tun 1936 Theodore Wright ya ga irin haka a ƙirar jiragen sama.

To wa ya sa aka yi ta ƙerawa? A 2000 Jamus ta yi doka cewa duk wanda ya kafa sola za a sayi wutarsa a tsayayyen farashi har shekara 20. Jamusawa suka biya da tsada a takardar kuɗin wutarsu, kasuwa ta buɗe. Shi Zhengrong, ɗalibin masanin sola Martin Green a Ostireliya, ya koma gida Chana ya kafa kamfanin ƙera sola na Suntech a 2001. Masana'antu suka yi ta maimaita aiki ɗaya har hannu ya faɗa. Suka koma yanka silikon, sinadarin da ake ƙera farantin da shi, da siririyar waya mai garin lu'ulu'u, yankan ya ƙara siranta, ɓarnar ta ragu. Azurfar da ake shafawa a fuskar farantin ma aka rage ta.

Za ku ce ai gwamnatin Chana na ba su tallafi. Tana bayarwa mana, wa ya musa? Tallafin ma ƙerawar ya ƙara yawaita. Maganar dai nan ta dawo.

Wallahi abin da ke damuna, mai ƙaramin ƙarfi zai ji wannan bidiyo ya fasa saye, ya ci gaba da zama cikin duhu.

Batirin litiyam ma hanyar da ya bi ke nan, daga 1991 farashinsa ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Amma ladan mai hawa rufi ya ɗaura, da kuɗin ruwan bashin banki, su ba sa sauka haka. Wannan ya kamata a yi wa bidiyo.