Tarabait 150 a baki, 60 a akwati

Waɗanda suke ta kirana suna tambayar abin da ya faru ranar Litinin a ɗakin taro, ga shi zan faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Kuma tun yanzu ku sani, na'urar ajiyar bayanan ofishinmu ba ta da laifin komai. Abin da aka ƙera ta ta yi shi ta yi, da sauri ma fiye da yadda na so.

Kun san akwatin fayafayan da aka sayo mana bara, wanda na yi ta naci a kansa har Oga ya fara sauya hanya in ya hango ni. A da kowane sashe da fayafayansa guda biyar a RAID 5, wato tsarin haɗa fayafayai don kada bayanai su ɓace in ɗaya ya mutu, wurin faifai ɗaya ya tafi a lissafin kariya, saura huɗu. Na masu albashi ya cika maƙil, na sashen ma'aikata rabinsa wofi, kuma ba damar a ranto daga wannan a ba wancan. In za a ƙara wuri sai an kashe saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sashen hidima, da tsakar dare ana addu'a. Sabon akwatin kuwa tattara fayafayai 48 yake yi ya zuba su tafki ɗaya, ya yayyanka su ƙanana-ƙanana, ya riƙe jadawalin inda kowane yanki yake. Saba tana ganin LUN ɗinta, wato kason da aka ware mata daga tafkin, a zatonta faifai guda aka ba ta, alhali bayananta suna warwatse a kan duka 48. Na gama ƙaura da komai, ba wanda ya ji ko ƙyas, shi ne Oga ya ce in zo in nuna wa 'yan kwamitin gudanarwa inda kuɗinsu ya shiga.

Na shirya. Kai, na shirya. Har tarihi na sa musu a majigi: faifan farko da IBM ya fitar a 1956, mai faranti 50, wanda duk girmansa haruffa kusan miliyan 5 kawai yake ɗauka; da takardar da Patterson da Gibson da Katz suka rubuta a jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a 1988, wadda ta raɗa wa RAID suna. Na ce musu faifai mai juyi 7,200 a minti, in ana yi masa ƙananan karatu nan da can, da ƙyar yake kai aiki 100 a sakan. Biyar ɗin da kowa yake riƙe da su a da, sai ku lissafa. Yanzu kuwa ko ƙaramin LUN ne, fayafayai 48 ke yi masa hidima tare, bayanan da ake yawan taɓawa kuma na'urar da kanta take ɗaga su zuwa SSD, wato ma'ajiya mai sauri marar juyi, waɗanda suka yi sanyi ta sauke su ƙasa. In faifai ya mutu, ba faifai ɗaya ake tsayawa ana ɗura wa komai ba, kowa ya ɗauki kaɗan a sake ginawa. Ina magana ana gyaɗa kai. Har wannan dattijon mai sanda da ke barci a kowane taro ya buɗe ido ɗaya.

Sai na zo kan abin da na fi ji da shi, wato rabon alkawari. Ainihin wurin da ke cikin tafkin tarabait 60 ne. Abin da na rarraba wa sassa kuwa ya kai 150. Kowa ya nemi 20 in ba shi 20, ya nemi 30 in ba shi 30, ya tafi yana murna, amma na'urar ba ta cire komai daga tafki sai ranar da ya rubuta wani abu da gaske. Na ma ƙara da cewa wannan dabara tana cikin abin da ya sa kamfanin 3PAR ya yi suna, har HP da Dell suka yi ta rige-rigen sayensa a 2010, HP ya ɗauka a kan sama da dala biliyan 2. Ba wanda ya tambaye ni wannan. Daɗin baki ne ya kwashe ni.

Nan Hajiya ta sashen kuɗi ta ɗaga biro. Kun san ta, ba ta ɗaga murya, kuma ba ta tambaya sai wadda za ta kwantar da mutum.

Ta ce, “Malam, ka ce 60 gare ka, ka raba 150. In kowa ya cika nasa fa?”

Na yi dariya. Wannan dariyar ce har yau take hana ni barci. Ba ƙaramar dariya ba ce, irin wadda ake jefa kai baya ce, a juyo a kalli sauran jama'a a gayyace su su taya ka. Mutum biyu sun taya ni, kuma na riƙe fuskokinsu. Na ce, “Hajiya, ai ke ce ma ya kamata ki fi kowa ganewa. Banki yana ajiye kuɗin kowa da kowa a ɗaki ɗaya yana jira? Ai ya san ba rana ɗaya za a taru a zo cira ba.” Sannan na ɗora da jimlar da ya kamata a ce harshena ya maƙale kafin ta fito: “Ba zai taɓa faruwa ba. Ranar Juma'a da na duba, kashi 62 muke. Bari ma in nuna miki da idonki.”

Na rufe hotunan, na buɗe shafin na'urar kai tsaye a majigi, bango guda.

Ja.

Ba ɗan ja a gefe ba. Sandar nan mai nuna cikar tafki da na saba gani kore ta miƙe daga wannan ƙarshe zuwa wancan, jawur, an rubuta 99 a kanta da lambobi masu girman kaina. Na tsaya da linzamin kwamfuta a hannu. Abin da ya fara zo mini shi ne majigin ne ya lalata kala. Wallahi har na sunkuya na taɓa wayarsa. Na sabunta shafin. 99. Na sake sabuntawa, wai ko na'urar za ta ji kunyar baƙi. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai fankar majigin. Dattijon nan, wanda yanzu ya buɗe ido biyu, ya nuna bango da sandarsa ya ce, “Yaro, wannan jan, alamar yana aiki sosai ke nan?”

Na ce, “Eh to, ranka ya daɗe, yana aiki.”

Ban yi ƙarya ba. A ƙasan shafin ana ganin rubutu yana shiga kusan megabait 300 a kowane sakan, ba tsayawa, duk cikin LUN ɗaya. Na karanta sunan LUN ɗin. Duk ɗakin ma sun karanta, tunda ga shi a bango.

Hajiya ba ta ce komai ba. Da ma ta yi magana da ya fi mini sauƙi. Biron kawai ta mayar cikin murfinsa, a hankali, har ya yi ƙas. Oga ya cire tabarau ya shiga goge shi da gefen riga, abin da yake yi ke nan in yana lissafin wanda zai kora. Ni kuma bakina bai daina aiki ba, ina jin kaina ina cewa “wannan ai abu ne da aka saba gani,” ina cewa “yanzun nan zai daidaita,” gumi yana bin bayana a ɗakin da sanyinsa ya sa wasu sun rufa da mayafi. Ina cikin “zai daidaita” ta uku lambar ta koma 100.

Ga waɗanda ba 'yan harka ba: in tafki ya cika, ba wanda ya cika shi kaɗai ke tsayawa ba. Duk LUN ɗin da ya nemi sabon wuri za a ce masa babu. Saba kuwa an gaya mata tana da sauran tarabait goma sha, ba ta san da zancen babu ba, sai ta rikice. Wayar Oga ce ta fara ƙara. Sai ta Hajiya. Ta ɗauka ta saurara, ta ce “to,” ta ajiye, ta dube ni ta ce, “Yarana sun ce manhajar albashi ta tsaya. Ko su jira ya daidaita?”

Yanzu bari in zo kan mutuminku. Kun san wanda nake nufi, mai kula da rumbun bayanai, mai zama da jaket ko da rana ta take. Wata uku da suka wuce ya zo ya tsaya a kaina sai na ba shi tarabait 30. Na ce me za ka zuba? Ya ce tanadin gaba. Abin da yake da shi duka-duka bai kai 2 ba. Na ba shi don na san alkawari ne kawai, ba abin da zai ci mini. Ashe ya je wani horo kan tsaron bayanai, an gaya musu kafin a kulle faifai da mabuɗin sirri yana da kyau a fara cika shi kaf da lambobin barkatai, don kada wani ya gane inda bayanai suke da inda babu. A kan faifan kwamfutarka shawara ce mai kyau. A kan tafkin jama'a kuwa kisan kai ne. Da sifili ya zuba ma da sauƙi, na'urori da yawa suna gane sifili su ƙi ba shi wuri. Lambobin barkatai ba sa matsuwa, ba a samun biyu iri ɗaya balle a haɗe su, kowane yanki sai an ba shi wurinsa cas. Ya kunna abin ranar Lahadi da la'asar daga gida, ya je ya kwanta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da a tsohon tsari ne, fayafayansa biyar zai cika, shi kaɗai, ba wanda zai ma sani. Saurin da na tsaya ina tallatawa, fayafayai 48 suna aiki tare, shi ne ya riƙa kwashe masa kusan tarabait guda a kowace awa ba gardama, ya kai ni ƙasa daidai lokacin da nake tsaye gaban kwamiti. Ko da agogo aka saita ba za a dace haka ba.

Kuma wannan mutumin, ku tuna, shi ne wanda ya taɓa rubuto mini imel mai sakin layi bakwai, ya sa Oga a kwafi, don na sake wa wata saba suna ban sanar da shi ba. Shi ne mai cewa “komai sai da tsari.” Shi ne wanda kujerata mai hannu ta ɓace aka gan ta a ofishinsa ya ce tun asali tasa ce. Ban manta da kujerar ba. Da na same shi ranar, yana zaune a kanta. Na ce, “Ɗan'uwa, me kake rubutawa a LUN ɗinka?” Ko juyowa bai yi ba ya ce, “Wurina ne. Kai ka ba ni 30.” Na ce ai 30 ɗin ba ta nan. Sai ya juyo, ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce, “To me ya sa ka ce tana nan?” Yaron nan mai koyon aiki yana tsaye a bakin ƙofa, sai ya kama tari.

Za ku ce ina saƙonnin gargaɗi. Suna nan. Na'urar ta aika a kashi 70, ta aika a 85, ta aika a 95, duk cikin dare da safiya. Sun tafi akwatin imel na wanda ya riƙe muƙamin nan kafin ni, wanda ya bar aiki tun kafin a gama ɗaura na'urar. Masu ɗaurawa ne suka kwafi adireshin daga tsohuwar takarda. Akwatin yana nan a buɗe, ba mai leƙa shi, saƙonni sun taru suna ta ihu a ɗakin da ba kowa.

Oga ya sauko da kansa, 'yan kwamiti biyu na biye da shi don kallo. Ya ce a goge abubuwa. Yaron ya ruga ya goge tsofaffin fayiloli kusan gigabait 800 a sabar ajiya, ya dawo yana haki. Sandar ba ta motsa ba. Dole na tsaya, a gaban mutanen da na gama yi wa lacca, in bayyana cewa in ka goge fayil, saba ce kawai ta san ka goge; sai ta aika wa akwatin umarnin UNMAP kafin ya san wurin ya zama nasa, tsohuwar sabar nan kuwa ba ta aikawa da kanta. Ga kuma hotunan ajiya da na'urar ke ɗauka kowane dare, wato kwafin yadda bayanai suke a lokacin, su ma suna riƙe da tsofaffin yankunan, ba sa saki. Oga ya ce, “Wato wurin da babu ka ce akwai, wanda kuma akwai yanzu ka ce babu.” Na buɗe baki na rufe.

A ƙarshe hotunan ajiya na mako biyu na share, aka samu numfashi, sannan aka shafe kusan awa guda ana lallashin mutuminku ya yarda a rushe LUN ɗinsa. Sai da Oga ya sa hannu a takarda cewa ba shi ya jawo ba. Rushewar kanta ba ta ɗauki minti ɗaya ba, sandar ta gangaro ta koma kore, masu albashi suka tayar da manhajarsu, ba bayanin da ya ɓata. Na so in ce wa jama'a ku duba fa yadda abin yake da sauƙi, a tsohon tsari da sai an kwana. Na waiga, duk sun watse, saura dattijon yana neman hanyar fita.

Takardar sayen ƙarin fayafayai tana teburin Hajiya. Na je sau ɗaya, ta ce in dawo in ya daidaita. Mutuminku kuma jiya ya turo imel, Oga a kwafi, yana neman a mayar masa da 30 ɗinsa, wai in da hali a sa 40. Ban ba shi amsa ba tukuna. Wanda ya san inda ake samun kujera mai hannu ya yi mini magana.