Ranar da Na Share Rumbun Kawu

A gidanmu ni ake kira Injiniya. Tarihi na karanta a jami'a, ban taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba, amma tun ranar da na nemo wa Inna WhatsApp ɗinta da ya ɓace (ashe jan shi ta yi da yatsa zuwa ɗaya shafin allon waya) sunan ya bi ni. Ni kuma na karɓe shi hannu bibbiyu, har nakan ɗan gyara tsayuwa in an kira.

Kawuna yana da ɗan shagon buga takardu a Mabera: katin ɗaurin aure, rasit ɗin Islamiyya, takardar cinikin fili, wasiƙar neman aiki. Kwamfutar da yake aikin da ita kuwa tsohuwar Pentium 4 ce mai Windows XP, in ka kunna ta sai ta yi tari sau biyu kafin ta buɗe ido. XP ɗin nan a 2001 ta fito, masu ita ma sun sallame ta tun 2014, amma Kawu bai sallame ta ba. Duk wanda ya kawo masa maganar sabuwa, amsarsa ɗaya ce: da tsohuwar zuma ake magani.

To, zumar ta cika tulu. Rumbun ajiyarta giga 80 ne kacal, kuma kullum sai ta fito da ɗan saƙo a gefen allo tana kukan babu wuri. Mako guda Kawu ya yi yana goge-goge da hannunsa, abin bai yi ba, sai ya aiko a kira ni.

Na duba, na yi shiru irin na likitoci, sannan na ce had-dis za a ƙara.

"Hadisi? Wane hadisi kuma cikin na'ura?"

Na ce a'a Kawu, rumbu ne, za a gina mata na biyu kusa da na farko. Wannan ya gane. Ya ƙirga kuɗi sau biyu ya ba ni, ya ce in kawo canji.

Watan Afrilu ne, lokacin da ranar Sakkwato ke wuce digiri 40 ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Na hau kabu-kabu zuwa titin Emir Yahya. Maigidan shagon da na shiga ba ya nan, sai wani yaronsa da ko gemu bai fara ba. Na ce a ba ni mai tera 3, wato giga dubu uku, don in za ka sha giya sha ta dubu. Yaron ya tambaye ni wace irin kwamfuta ce. Da na ce XP, sai ya girgiza kai, wai irin tamu ba ta iya riƙe rumbun da ya wuce tera 2, kuma ma in XP ta asali ce da ba a taɓa yi mata ƙarin gyara ba, giga 137 kawai za ta gani ko nawa ka ba ta. Na ce masa, "Yaro, ka san da wa kake magana?" Ya ce Allah ya ba da haƙuri. Daga baya kuɗin Kawu ne suka raba gardamar, domin mai giga 500 kaɗai suka isa.

Na koma shago na kwance murfin kwamfuta da sukudireba. Abin da na tarar a ciki, da manomi ne da ya shuka gero: ƙurar hunturu ta shekara da shekaru, da gawar ƙadangare ɗaya da ta bushe. Tsohon rumbun yana haɗe da wata faffaɗar waya mai kama da ɗamara, wadda ake kira IDE. Sabon kuwa bakinsa ɗan ƙarami ne, SATA. Na juya shi ta gaba, na juya shi ta baya, ɗamara ta ƙi shiga. Da na hure ƙura na ga akwai ramin SATA a jikin allon kwamfutar, amma ba ni da wayarsa, kuma wayar wutar ma bakinta daban.

Kabu-kabu na biyu. Ina shiga shagon, yaron ya miƙo min leda ɗaure, wayoyin biyu a ciki. Ashe tun fitata ya ɗaure su ya ajiye. Ina ƙoƙarin ficewa kafin mu haɗa ido ya ce, "Yallaɓai, in za ka yi fomatin, wato share rumbu don shirya shi, girman rumbu za ka duba, kada ka bi harafi." Na ce na ji, irin jin da ake yi wa mai wa'azin cikin mota.

Na haɗa komai, na kunna, ta yi tarinta, na buɗe My Computer. Babu sabon rumbu. Na kashe na sake kunnawa. Babu. Kawu yana tsaye a bayana yana jan carbi da sauri-sauri, wanda a wurinsa alama ce ta hadari ya haɗu.

Sai da na shiga banɗaki na yi bincike a waya a ɓoye na gano cewa sabon rumbu kamar sabon fili ne a bayan gari: naka ne, amma sai an auna, an kafa turaku, an ba shi lamba kafin a kira shi gida. Wurin yin wannan shi ne Disk Management. Na fito ina goge hannu kamar dama na sani, na buɗe, ga shi nan kuwa da baƙin layi a kansa. Na nuna wa Kawu da alfahari. Kuskurena ke nan, domin Kawu ya iya karanta lamba.

"Ɗari huɗu da sittin da biyar nig gani. Kai kac ce ɗari biyar."

Na fara bayani. Masu ƙera rumbu da dubu-dubu suke ƙirga, ita kuwa kwamfuta da 1024 take ƙirga, don haka abin da suka kira 500 ita 465 take gani, kayan ɗaya ne, mudun ne ya bambanta. Ban san na taɓo inda yake masa ƙaiƙayi ba. Kawu ya yi shekaru yana awon hatsi a Tsohuwar Kasuwa kafin ya koma buga takardu.

"Wato mudu biyu gare su, na saye daban, na sayarwa daban. Wanga shi na tauye mudu! Tashi mu tahi su cika muna talatin da biyar ɗinmu."

Har ya ɗauki hula. Da ƙyar na zaunar da shi, da alkawarin cewa ni da kaina zan bi masa haƙƙinsa.

Sai batun tsarin da za a shimfiɗa wa rumbun. Ni FAT32 na sani, saboda shi nake gani a jikin filash, amma XP ba ta ko kawo shi cikin zaɓi ba, domin ba ta yi wa abin da ya wuce giga 32 irin wannan tsarin. NTFS kaɗai ta ba ni. Hakan ma alheri ne, tunda FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai giga 4, bidiyon bikin gidanmu kuwa daga kamu zuwa buɗar kai ba ya tsayawa nan. Na ce wa Kawu na zaɓi NTFS bayan dogon nazari. Na danna, aiki ya fara, lamba tana rarrafe: kashi 1, kashi 2. Muka yi la'asar, muka dawo, tana ta rarrafe. Tana gab da kaiwa ƙarshe aka ɗauke wuta.

Ba a dawo da ita ba sai bayan isha'i. Kawu ya bar min makulli ya tafi gida. Ni kaɗai, ga zufa, ga sauro, ga yunwa. Na ce wannan karon ba zan bi doguwar hanya ba. Na buɗe My Computer na yi lissafi irin na masu ilimi: tsohon rumbu shi ne C, bayan C kuwa sai D, ko ɗan aji ɗaya ya san wannan. Na danna D, na zaɓi fomatin, na sa alama a Quick Format. Kwamfuta ta fito da gargaɗi cewa duk abin da ke ciki zai tafi. Na ce da ita a fili, "Me ke cikin sabon rumbu?" Na danna OK.

Ko minti ɗaya ba a yi ba ta gama. Har na fara murmushi, sai idona ya sauka kan girman D. Giga talatin da 'yan kai.

Ban taɓa sanin mutum zai iya jin sanyi a Sakkwato cikin Afrilu ba sai daren nan. Ashe wanda ya fara haɗa wa Kawu kwamfutar ya raba tsohon rumbun gida biyu, C na Windows, D na ajiya. E na faifan CD ne. Sabon rumbuna yana can a F, zaune lafiya, ko ƙwarzane babu. Abin da na share shi ne aikin Kawu na shekara goma sha: katunan aure, rasit, takardun filaye, hotunan Hajjinsa, da jerin sunayen 'yan adashin Hajiya matarsa, wanda ya fi duk sauran haɗari.

Na yi tunanin Illela, daga nan in tsallaka Ƙonni. Kuɗin motar ne babu.

Da sassafe na kwance tsohon rumbun na sa a aljihu, kabu-kabu na uku. Na tarar da yaron yana share ƙofar shago. Na gaishe shi har da tambayar mutanen gida. Ya dube ni ya ce, "Harafi ka bi?" Na ce harafi na bi.

Tambayarsa ta farko ita ce ko na ajiye wani abu a ciki bayan fomatin. Na ce a'a. Ya ce to da sauran numfashi. Fomatin na gaggawa, in ji shi, kamar a yaga rajistar makaranta ne: sunaye sun tafi, amma ɗalibai suna nan zaune cikin aji, sai in an kawo sababbi sun zauna a kansu. Ya ce mu koma shagon Kawu da kwamfutarsa ta hannu, a kwaso kayan a zuba cikin sabon rumbu, don ba a mayar da su inda ake tono su.

Haka na shiga Mabera ina riƙe wa yaro jaka. Kawu ya ji bayani bai ce uffan ba, carbi kawai ke gudu. Kafin azahar labari ya kai gida, sai ga Hajiya da mayafinta, ta ja kujera ta zauna ta ce ba ta tashi sai ta ga adashinta da idonta.

Manhajar tono fayiloli da ke kwamfutar yaron ta yi aikinta, kaya suka dawo dubbai. Sai dai ba suna, ba folda, kowane fayil lamba ce kawai. Dole a buɗe su ɗaya bayan ɗaya a sake raɗa musu suna, kuma ba sai an faɗi wanda aka ɗora wa wannan aikin ba. Ina buɗewa, Kawu yana faɗin sunan, Hajiya tana kallo. Rasit. Rasit. Kawu a Mina. Takardar fili. Adashi ya fito wajen la'asar, Hajiya ta yi hamdala, amma ba ta tashi ba, kallon ya fara yi mata daɗi.

Abin da yaron bai gaya mana ba shi ne, manhajar ba ta san bambancin abin da na share jiya da abin da Kawu ya goge da hannunsa makon jiya ba. Duk wanda ta tarar a aji, fito da shi take yi.

Na buɗe wani fayil, sai ga katin ɗaurin aure mai zanen furanni. Na ce, "Kawu, wannan na wa za a rubuta?" Shiru. Na duba wurin sunan ango, sai na ga cikakken sunan Kawu, har da Alhaji. Sunan amarya ba na Hajiya ba ne. Wurin kwanan wata an bar shi fili. Hannuna ya yi saurin danna na gaba, sai ga shi kuma da ruwan zinariya. Na gaba, kore.

"Koma baya," in ji Hajiya. "Koren ya hi kyau. Ko ba haka ba, Alhaji?"

Kawu ya ce gwajin sabon rubutu ne yake yi, sunan da ya zo masa kusa ya sa. Hajiya ta ce haka ne, sunan yarinyar ma kusa ya zo. Ta gyara mayafi, ta ce a buga mata kwafi ɗaya na kowane launi, ta tsaya har na buga, ta karɓa ta fita. Yaron shago kuwa ya tuna maigidansa na nemansa.

Muka rage daga ni sai Kawu da ƙarar fanka. Na gama shirya kunnuwana don karɓar abin da ya dace da ni. Can sai ya matso da kujera ya rage murya.

"Injiniya. Wanga abu da kay yi jiya, ana iya sake shi? Amma mai daɗewar nan, wanda ba ya barin komi."

Na ce masa, bisa abin da na koya a ranar daga bakin yaron, a XP ko mai daɗewar ba ya goge kaya, duba lafiyar rumbu kawai yake yi. Sai daga Windows Vista zuwa sama ne dogon fomatin yake bi ya shafe komai da sifili.

Kawu ya daɗe yana kallon tsohuwar zumarsa. Sannan ya ce, "Sabuwar kwamfuta, nawa takan kai yanzu?"