Zafin da ya shigo Jos, da abin da ke hannunmu

Jama'a ina da magana kan wannan zafin da muke ta kuka da shi a Jos, kuma na san wasu za su ce me ya haɗa talaka da sauyin yanayi, ai wannan zancen Turawa ne da masu zuwa taro a otal. Dan Allah ku yi haƙuri ku karanta tukuna.

Garin nan yana kan tudu ne, kusan mita 1,200 sama da teku, shi ya sa aka san mu da sanyi. Ku tambayi tsofaffin Gangare ko Anguwan Rogo, da yawa sun gina ɗakunansu babu ko ƙugiyar rataya fanka, don ba su ga amfaninta ba. Yanzu fa watan uku da watan huɗu mutane tabarma suke fitowa da ita tsakar gida, yara na ta fama da ƙuraje, masu hali kuma sun sa AC. Damina ma ta daina riƙe alƙawari, manoman dankalin Turawa na Bokkos da Mangu su suka fi mu sanin wannan, ruwa ya zo ya ɗauke bayan an yi shuka, ko kuma ya sauko kamar da bakin ƙwarya cuta ta ƙone ganyen, mu kuma mu je Farin Gada mu tarar kwando ya yi tsada mu hau zagin 'yan kasuwa.

Gaskiya ɗaya ce, ba mu muka ɓata duniya ba. Afirka gaba ɗayanta hayaƙin da take fitarwa mai riƙe zafi a sama bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, manyan masu laifin su ne Amurka da Sin da ƙasashen Turai da masana'antunsu. A gida ma, iskar gas ɗin da ake ƙonawa a banza dare da rana a yankin Neja Delta ta fi ƙarfin murhun kowace uwa. Gwamnati ta je taron duniya kan sauyin yanayi a birnin Glasgow a 2021 ta yi alƙawarin cewa zuwa 2060 hayaƙin da muke fitarwa ba zai wuce wanda ake iya shanyewa ba, aka kuma sa hannu a dokar sauyin yanayi a shekarar, kuma haƙƙinmu ne mu riƙa tambayar ina aka kwana. Duk na yarda. Amma wallahi abin da ke ci min rai shine yadda muke fakewa da wannan maganar mu ƙi taɓa komai, alhali ledar da ta toshe kwatar layinmu ba daga Amurka aka zo aka jefa ta ba.

Mutanen Rikkos da Gangare ba su manta watan Yulin 2012 ba, daren da ruwa ya ƙwace daga madatsar Lamingo ya bi gidaje ya tafi da mutane gommai, Allah ya ji ƙansu. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasar nan, Maiduguri ta nutse a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, Mokwa kuma a Mayun 2025. Ruwan sama mai ƙarfi ba mu da iko da shi, amma hanyar da zai bi ya wuce fa? Ka tsaya a gada ka leƙa rafin Dilimi bayan ruwan farko ka gani, ledar fiyawota, robar lemo, famfas ɗin yara, robar tekawe, har katifa. Kuma kowa ya san yadda suke zuwa can, hadari na haɗuwa sai a ce wa yaro maza ɗauki bokitin shara ka juye a kwata ruwa ya tafi da shi. Ya tafi da shi ina? Gidan wanda ke gangare da kai, wanda watakila sahu ɗaya kuke sallah.

Wanda bai zuba a kwata ba kuma sai ya tara ya cinna wuta da magariba. Wannan baƙin hayaƙin na leda da roba guba ne, yaran da ke wasa a layi su ke shaƙa, mai asma a maƙota shi zai kwana a zaune. Ni abin da nake yi, kuma ban ga wahalarsa ba, shine raba shara tun daga kicin. Ɓawon dankali, ɓawon ayaba, sauran tuwo da ganye, wannan na akuya da kaji ne, ko a haƙa ɗan rami a bayan gida a riƙa zubawa ana rufewa da ƙasa ya zama taki. Robobin ruwa da gwangwani da ƙarfe a tara a buhu, 'yan bola jari suna zuwa har ƙofa su saya, masu kunun aya da zoɓo ma suna neman roba mai tsabta. In ka cire waɗannan za ka sha mamakin yadda abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Leda kuwa tun daga kasuwa ake maganinta. Iyayenmu mata da kwando suke zuwa cefane, yanzu attaruhun naira ɗari leda, albasa leda, magi leda, sannan a haɗa duka a babbar leda. Jakar buhu guda ɗaya ka ninke ka sa a aljihu ko a but ɗin mashin ta ishe ka shekara. Legas ta hana robar tekawe mai kumfa tun Janairun 2024, mu ba sai mun jira doka ba.

Sai babbar maganar, gawayi da itace. Nan ne nake so mu yi adalci. Kullum muna ganin motoci shaƙe da buhunan gawayi suna shigowa gari, kowane buhu bishiya ce aka sare aka binne aka ƙona, kuma bishiya ita ke shanye hayaƙin da ke riƙe zafi a sama, ita ke riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta. Amma ba zan taɓa ɗora wa matar da ke soya ƙosai a bakin titi laifi ba, ko magidancin da tun cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya fi ƙarfinsa, gas ya yi tsada ya ajiye silinda ya koma gawayi. Wanda nake magana da shi shine mai hali, wanda zai iya cika silinda amma ya ce abincin gawayi ya fi daɗi, wanda ya sayi fili ya tarar da mangwaro da fiya sun shekara talatin ya sa aka sare su a rana ɗaya ya malale tsakar gidan da intalok daga bango zuwa bango, sannan ya zo yana cewa Jos ta yi zafi. Haba Alhaji. Siminti yini yake yana shan rana, da dare ya dawo maka da ita cikin ɗaki, ruwan sama kuma bai samu inda zai nutse ba sai ya fita titi ya ƙara wa na kwata ƙarfi.

Wanda dole ta sa shi amfani da gawayi ma akwai dabara. A jiƙa wake tun dare, da safe rabin wutar da yake ci ta ishe shi. A rufe tukunya. A haɗa kayan miya a gama yanke-yanke kafin a hura wuta, ba a hura ba sannan a aiki yaro sayo manja gawayi na ta ci a banza. In an sauke a kashe sauran garwashin a ajiye na gobe. Akwai murhunan zamani masu rufaffen ciki da ke cin itace kaɗan, in mata suka yi adashi za su iya saye ɗaya bayan ɗaya. Kuma dan Allah kada a shiga da gawayi ɗaki a rufe ƙofa lokacin hunturu don jin ɗumi, yana kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida na kashe mutane wajen miliyan 3 duk shekara, kuma mata da yaran da ke goye su suka fi shaƙarsa.

Wuta da janareta ba zan ja ba, kowa ya san kuɗin mai. Ƙwan lantarki na zamani mai wat 9 yana ba da hasken tsohon mai wat 60. Ƙaramar sola ta cajin waya da ƙwai biyu ta fi tayar da janareta don kallon ƙwallo. In tafiyar ba nisa a taka, Jos ba garin da tafiyar ƙafa ke kashe mutum ba ne, in da nisa a haɗu a keke ɗaya ko mota ɗaya.

Bikinmu kuma, kai. Mutum ɗari biyu aka gayyata a dafa na ɗari biyar don kada a ce an gaza, washegari shinkafa ta yi yami a kwashe a kai bola, ga almajirai da marayu a layin baya. Wannan shinkafar an yi mata noma, an sa taki, an ƙona dizal an kawo ta, an ƙona itace an dafa, in ta ruɓe a bola kuma wata iska take fitarwa da ta fi hayaƙin mota riƙe zafi. Mu da aka ce mana mu ci mu sha kada mu yi almubazzaranci, mu da Annabinmu (SAW) yake alwala da ruwa mudu ɗaya, amma mu saki famfo yana zuba har mu gama wanke ƙafa. 'Yan'uwanmu Kirista ma na san ana yi musu wa'azin riƙon amanar abin da Allah ya halitta, to ina ma limamai da fastoci za su riƙa ɗaukar wannan a mumbari kamar yadda suke ɗaukar sauran abubuwa.

Shuka bishiya ma mu daina yin ta don hoto. Ana raba dashe a yi taro a ɗau hoto, bayan sati biyu akuya ta cinye. In za ka shuka, shuka ɗaya ko biyu da za ka iya kula da su, gwaiba ko mangwaro ko fiya a cikin gida, darbejiya a ƙofar gida don inuwa, ka sa su farkon damina wajen watan biyar, ka kewaye da tsohon bulo ko kwando, in rani ya shigo ruwan alwala da na wanke shinkafa ya ishe su. Duk wanda ke layinmu yake son dashen fiya ya yi min magana ta inbos, ina da su a leda sun fara tsiro, amma sai na ga inda ka kewaye kafin in ba ka.